Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin shirya tseren motoci na Zariya a kan kayan ƙafa da wanda zai sayar mana da su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, tare da sauran iyayenmu da yayyenmu 'yan kwamiti, muna gaishe ku da aiki, Allah Ya saka muku da alheri. Ni bakanike ne a Sabon Gari, aikin ƙafar mota na fi sani, kuma na rubuto ne da yawun abokan sana'ata da ƙananan direbobi masu niyyar shiga tseren da kuke shiryawa, daga Tudun Wada da Samaru da Kwangila da cikin birni. Mun zauna mun tattauna kafin a ɗora mini alƙalami. Mun zaɓi mu yi maganar a fili saboda hukuncin a fili aka sanar da shi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba mu manta da abin da kuka yi ba. Kowa a garin nan ya san yadda yara ke wasan mota a kan titi ranar ɗaurin aure, da irin asarar da ake yi. Ku ne kuka ce a nemi fili, a killace shi, a sa doka, a sa hular kwano. Wannan kaɗai ya isa a yi muku addu'a. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne sanarwarku ta baya-bayan nan, cewa duk motar da za ta shiga sai ta ɗaura shakazoba da sifirin da bushin iri ɗaya, kuma a wurin dila ɗaya za a saye su, wanda kwamiti ya riga ya zaɓa. Rabin farko na hukuncin mun yarda da shi. Rabin ƙarshen ne muke roƙon ku sake dubawa.

Bari in fara da abin da muka yarda da shi, don kada a ce masu kuɗin sayen kayan tsada ne suka turo mu. Mu ne ma daidaita kaya zai fi yi wa rana. An gwada barin kowa ya ɗaura abin da aljihunsa ya iya a gasar motocin gida ta Birtaniya, wadda ake kira BTCC, a shekarun 1990. Lokacin kamfanoni sun cika fili: Audi, BMW, Volvo, Renault, Nissan, Ford, Honda, Vauxhall, har da Peugeot da 406 ɗinta, irin wadda muke kwance wa ƙafa kullum a garejinmu. Kowane kamfani yana zuba kuɗi don ya wuce ɗan'uwansa, har abin ya fi ƙarfin masu zubawar. Zuwa shekarar 2000 kamfanoni uku kaɗai suka rage, Ford da Honda da Vauxhall, dole aka rushe tsarin. A 2011 masu gudanar da gasar, wato TOCA a ƙarƙashin Alan Gow, suka fito da tsarin da suke kira NGTC. A ƙarƙashinsa giyabos na Xtrac ne a kowace mota, birki na AP Racing, shakazoba ta Penske, haka ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba da na baya duk daga hannu ɗaya suke fitowa. Ƙananan garejoji suka samu damar karawa da manya, motocin da ke jeruwa a layin tashi suka kai wajen 30. Saboda haka duk wanda ya ba ku shawarar daidaita kayan ƙafa bai yi muku ƙarya ba. Sai dai ya kawo muku rabin labarin ne.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne dilan da aka zaɓa yana da mota a cikin tseren. Ba ma zarginsa da mugun nufi, mutumin kirki ne a iya saninmu, da yawa daga cikinmu ma abokan cinikinsa ne. Amma ku dubi abin da aka damƙa masa ko da bai nema ba. Shakazoba ba ƙarfe ba ne kawai. A cikinta akwai mai da ake tura shi ta ƙananan ƙofofi duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, kuma ƙarfin da man yake wucewa da shi ne ke hana sifirin ci gaba da lilo bayan an taka gargada. Idan ta yi laushi, taya takan riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Idan ta yi tauri fiye da kima, motar ta riƙa zamewa a kwana. Duk bakaniken da ya daɗe yana wannan aiki ya san za ka buɗe kwali biyu masu lamba ɗaya, ka danna su da hannu, ka ji ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi. A motar haya wannan bambancin ba ya damun kowa. A tsere kuwa shi ne tsakanin wanda ya fita kwana a gaba da wanda ya sha ƙura.

To wanda kwalayen suke sauka a shagonsa shi ne zai fara taɓa su. Shi zai iya ware masu kyau, shi zai fara ɗaurawa ya gwada tun sauran ba su ga kalar kwalin ba, shi ya san wanda ya sayi sabo da wanda yake lallaɓa tsoho, kuma ranar da kaya suka yi ƙaranci ba sai an tambayi motar da za a fara ba wa ba. Tamkar a sukuwa ne a ce mai doki ɗaya shi zai riƙa auna wa dawakin kowa dawa. Ko ya auna da gaskiya, ranar da dokinsa ya zo na ɗaya babu wanda zai yarda ƙafarsa ce ta kawo shi. Mu a ganinmu wannan tsari shi ma dilan bai yi masa adalci ba: idan motarsa ta ci za a ce maguɗi ne, idan ta faɗi ya yi asara a banza.

A Birtaniya ma an taɓa canza mai kawo kayan ƙafar. Da farko kamfanin GPR Motorsport ne ke yi, daga 2016 aikin ya koma hannun RML. Wannan RML ba baƙon tsere ba ne, da motarsu Chevrolet Cruze Jason Plato ya ci gasar a 2010, kuma sun ci gasar duniya ta irin waɗannan motoci da Yvan Muller da Rob Huff. Amma lokacin da aka ba su aikin sun riga sun janye motocinsu daga gasar Birtaniya tun ƙarshen 2011. An samu wanda ya san aikin ciki da waje, wanda kuma ba shi da motar da zai fifita ranar tsere. Irin mutumin da ya kamata ku nema ke nan.

Na biyu, ba a yi tanda ba. Ba mu ji an ce masu sha'awa su kawo farashi ba, sai suna kawai muka ji. A Sabon Gari akwai masu kayan gyaran mota da suka shekara suna wannan kasuwanci, akwai waɗanda ke sarowa daga Ƙofar Ruwa a Kano, wasu daga Ladipo a Legas, wasu daga Nnewi, ga Panteka nan kusa a Kaduna. Babu wanda aka tambaya. Kuma da aka ce dole a wuri ɗaya za a saya, ba a ce ga iyakar farashi ba. Ɗan kasuwar da ya san ba ka da wurin zuwa sai wurinsa, ko waliyyi ne sai zuciya ta raya masa wani abu, balle a wannan lokaci da ake fakewa da dala a kowane ƙari. An kawo doka don a rage wa talaka kashe kuɗi, amma yadda aka tsara ta babu abin da zai hana ta zama hanyar ƙara masa.

Na uku shi ne wanda ya fi ɗaure mana kai mu masu spana a hannu, kuma muna roƙon ku karanta shi da natsuwa. Motocin da yara suka tanada ba iri ɗaya ba ne. Akwai Golf 3, akwai 406, akwai Civic ta shekarun 1990, akwai Mercedes 190, akwai tsofaffin BMW. Golf 3 shakazobarta ta gaba ita ce ginshiƙin ƙafar gaba ɗaya, a jikinta sifirin yake, ita ke riƙe da taya a tsaye, bayanta kuma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu. Civic ɗin can hannuwa biyu ne ke riƙe da kowace tayar gaba, sama da ƙasa. Mercedes 190 hannuwa biyar ne a kowace tayar baya, kuma da baya take ja kamar BMW, alhali Golf da Civic da 406 da gaba suke ja. Nauyinsu ba ɗaya ba, inda nauyin ya kwanta ba ɗaya ba, tsawon shakazobar da wurin ɗaurinta ba ɗaya ba. To da aka ce iri ɗaya, me ake nufi? Idan kamfani ɗaya ake nufi, kowace mota da lambarta, to ba a daidaita komai ba, an dai daidaita inda kuɗi za su tafi. Idan kuwa lamba ɗaya ake nufi, sai an yanka an yi walda kafin ta zauna a wasu motocin, kuma sifirin da ya dace da Golf zai durƙushe a ƙarƙashin Mercedes. Motar da kayan suka dace da ita tun daga kamfani ta ci tseren tun ba a tayar da inji ba. Ba sai na faɗi irin motar da ake raɗe-raɗin kayan sun fi dacewa da ita ba.

Turawan da ake koyi da su sun san da wannan matsala, shi ya sa ba shakazoba kaɗai suka daidaita ba. A tsarin NGTC ana cire ƙafar da motar ta zo da ita gaba ɗaya, a ɗaura wani ginin ƙarfe gaba da baya wanda yake ɗaya a kowace mota, mai hannuwa biyu a kowace taya, ta yadda Honda da BMW da Toyota duk a wuri iri ɗaya shakazobarsu take zama. Bayan haka kuma ba a ɗaure wa bakanike hannu ba. Yana da ikon saita taurin shakazobar, da yadda taya za ta kwanta, da alaimen, cikin iyakar da doka ta yanka. Kaya ɗaya ne, amma basira ta kowa daban. Mu ba mu da kuɗin irin wancan gini, kuma ba na ba da shawarar a sa masu walda su ƙirƙiro shi a gefen titi don motar da za ta shiga kwana a guje. Abin da muke iyawa shi ne a raba motocin rukuni-rukuni, masu kama da juna su kara da juna, kowane rukuni da kayansa. Ko kuma a rubuta ƙa'ida maimakon sunan kaya: shakazoba ta zama irin ta motar ce ta asali, wadda ba a saita ta daga waje, tsayin mota daga ƙasa kada ya gaza kaza, kaurin sifirin kada ya wuce kaza. Duk wanda kayansa suka cika ƙa'ida ya shiga, ko a ina ya saya.

Na huɗu, wa zai duba ingancin kayan? Sanarwar ba ta ce komai a kai ba. Kasuwar kayan mota cike take da jabu, wannan ba sirri ba ne. Akwai wani yaro da ke koyon aiki a wurina, shi da abokinsa direba suka yi ta tara kuɗi har suka sayi shakazoba huɗu a wani shago da ba zan ambata ba, a cikin kwali, da leda, da tambari. Da suka fita gwaji a hanyar da babu kwalta, kafin su dawo ɗaya ta baya ta jiƙe da mai. Da muka kankare fentin sai ga tsatsa a ƙasa: tsohuwa ce 'yar Balijam aka wanke aka fesa. Mai shagon ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Abin lura shi ne dila na iya zama mai amana kayansa kuma su zama na banza. Idan kowa yana saye a inda ya ga dama, jabu mota ɗaya zai kayar. Idan kuwa kowa daga kwali ɗaya ya ɗauka, kuma kwalin ya zo da matsala, duk motocin da ke fili suna ɗauke da ita a lokaci guda, ga 'yan kallo a tsaye a bakin kwana. Shakazoba tana zafi idan ana dukanta ba hutawa, man cikinta ya tsinke, ƙarfinta ya ragu, kuma marar kyau tun a zagayen farko take sakin jiki. Wanda ya tilasta wa mutane kaya ya ɗauki alhakin ingancinsu, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin mamakin shi ne a Zariya muke. Ga sashen injiniyan injuna a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya. Garin da ke da waɗannan bai kamata ya rasa mutum biyu ko uku da za su auna sifirin su gwada shakazoba ba, waɗanda ba su da mota a tsere kuma ba su da shago a kasuwa. Auna sifirin ma ba wani abin wahala ba ne, a ɗora masa nauyin da aka sani a ga yadda ya nitse. A Ostareliya, da aka shigo da sababbin motoci a gasar Supercars a 2023, an kwashe shekarar ana ja-in-ja tsakanin masu Ford Mustang da masu Chevrolet Camaro a kan cewa ba a daidaita su ba. Ƙarshenta sai da aka kwashi motocin zuwa Amurka aka auna su a ɗakin gwajin iska. Masu kuɗi da injiniyoyi ke nan, rantsuwa ba ta raba musu gardama ba sai awo.

Na ƙarshe gajere ne. Sanarwar ta zo bayan mutane da yawa sun riga sun gyara ƙafafun motocinsu, wasu da bashi. Cewa su kwance su zubar su sayi wasu daidai yake da cewa su zauna a gida. A Birtaniya tsofaffin motoci sun ci gaba da gudu tare da sababbin daga 2011 har 2013, sai a 2014 kowa ya koma sabon tsari.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. A dakatar da zaɓen dilan da aka yi, a buɗe tanda a fili, a ba da wa'adin da zai ishi kowa, a karanta farashin kowane mai nema a gaban wakilan direbobi da kanikawa. A rubuta cikin dokar tsere cewa mai kawo kaya ba zai kasance da mota a ciki ba, ko ta ɗansa, ko ta ƙanensa, ko wadda yake ɗaukar nauyinta, kuma duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka ko haɗin kasuwanci da mai nema ya faɗa ya fita daga zaman da za a yanke hukunci. Idan dilan da aka zaɓa yanzu ya fi son kasuwar, ya janye motarsa ya shiga tanda kamar kowa, ba mu da ja. Idan ya fi son tseren, ga fili.

Wanda ya ci tandar a yi yarjejeniya da shi a rubuce: farashi ɗaya ga kowa har ƙarshen kakar wasa, rasit ga duk wanda ya saya, canji ga duk kayan da suka nuna aibi, da adadin da zai ajiye a ƙasa don kada a ce wa wani sun ƙare ana gobe tsere. Yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce, a sake dubawa. Kayan kuma kada su tashi daga shago kai tsaye zuwa mota. Su fara zuwa hannun masu awo, a jefar da waɗanda suka kauce, a buga wa sauran lamba da hatimi, sannan a raba su ta hanyar ƙuri'a a rana ɗaya a gaban kowa. Bayan an gama tsere a ɗaga motocin da suka zo na ɗaya zuwa na uku a duba ko hatimin yana nan, a ƙara da wata mota guda da ƙuri'a ta faɗa wa.

Muna kuma roƙon a zauna da kanikawa kafin a yanke maganar rukuni, domin mu ne za mu shiga ƙarƙashin motocin nan, mu ne kuma iyayen yara za su zo wa idan wani abu ya faru. A bar waɗanda suka riga suka gyara motocinsu su shiga tseren bana da abin da ke jikinsu matuƙar masu awo sun ce lafiyarsa lau, ko da za a ware musu nasu rukunin. Kuma duk abin da aka yanke a rubuta shi da Hausa a raba, kada ya tsaya a bakin mutum uku.

A shirye muke mu turo wakilai duk ranar da kuka sa, kuma garejina a buɗe yake idan masu awo suna buƙatar rami da jak. Muna fatan jin amsarku kafin a buɗe rajistar motoci, domin da yawa daga cikinmu sun dakatar da sayen komai sai sun ji matsayarku.

Allah Ya ƙara wa shugaba lafiya, Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani bakanike daga Sabon Gari, Zariya,
a madadin kanikawa da ƙananan direbobi masu niyyar shiga tsere.